Taurari Biyar, Ƙafa Ɗaya

Shekara arba'in da wani abu ina rataye da zabira. Na yi wa jarirai askin suna, na yi wa yara kaciya, na kafa ƙaho a gadon bayan tsofaffi har sai da nawa bayan ya fara neman mai kafa masa. A duk tsawon wannan zamani askata ba ta taɓa nakasa ɗan kowa ba. Sai da na ajiye aska na ɗauki waya, sannan na raba mutum da ƙafarsa. Kuma ba bare ba ne. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wanda muka tashi muna cin tuwo akushi ɗaya a Burumburum.

Wanda ya ji rabin labarin zai ce maciji ne ya yi. Macijin ya yi nasa, ban wanke shi ba. Amma shi ƙaramin ma'aikaci ne a cikin maganar.

Wanzanci a hannuna ya mutu ina kallo. Kaciya ta koma asibiti. Cire belu an ce kada a sake. Samari kuwa sun koma shagon mai injin nan mai ƙugi, inda ake kallon ƙwallo ana aski. Abin da ya rage mini sai kawunan tsofaffi masu sanƙo, waɗanda Allah ya riga ya yi mini rabin aikin. Sai na zama ɗan majalisa na dindindin a gindin darbejiya, gaban teburin mai shayi, ina raba wa mutane shawarar da ba su tambaya ba.

'Yata ta ƙarshe, wadda har yau Auta muke ce mata ko da yake tana da 'ya'ya uku, ta yi makarantar jinya, tana aiki a wani asibiti wajen Kiru. Ita ta sayo mini babbar waya, wai don in riƙa ganin hoton jikoki. Wata rana ta zo gida, na same ta a tsakar gida tana kallon wani mutum a wayarta, yana bayanin yadda ake wanke ciwo, da Hausa tiryan-tiryan. Na ce mene ne wannan? Ta ce wata manhaja ce da ake koyar da aikin lafiya, malamai daban-daban suna saka darasi.

Na ce, “Saka mini.”

Ta ce, “Baba, ai na ɗalibai ne da ma'aikatan lafiya.”

Na ce, “Ni kuma ma'aikacin mene ne? Kafinta?”

Ta yi dariya ta saka mini. Da ta san abin da take sakawa, da ta jefa wayar a rijiya.

Bokona duka-duka rani biyu ne a ajin yaƙi da jahilci. Ina karanta rubutu kamar yadda tsohuwa ke tsince tsakuwa a shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, wata ma ta wuce. Amma kallo da saurare ba sa neman takardar shaida. Cikin wata guda na san sunayen cututtukan da ban taɓa ji ba, na fara duba idon mutane a majalisa ina cewa jininsu ya yi ƙasa. Daga nan aka fara ce mini Dokta. Da izgili aka fara, ni kuwa na amsa da gaske.

Cikin malaman akwai wanda ya kwanta mini a rai. Fara ce rigarsa tas, muryarsa a sanyaye. Ba ya fara darasi sai ya cika sallama, ya gai da iyayenmu na karkara, ya yi musu fatan damina mai albarka. Wata rana ma ya ce wanzamai su ne likitocin farko a ƙasar Hausa. Sau bakwai na maimaita wurin, har mai ɗakina ta ce ko wayar ta lalace ne.

A ƙarƙashin kowane darasi akwai taurari biyar a jere, babu komai cikinsu, sai ka taɓa su cika da ruwan ɗorawa. Ƙasa da su kuma akwai wurin rubutu. Na tambayi Auta ta waya, ta ce a nan ake nuna ko darasin ya yi ko bai yi ba. Haka ta faɗa. Amma kunnena ba haka ya ji ba.

A garinmu idan malami ya rufe littafi, babu wanda ke miƙewa ya ce, malam, yau karatun naka rabi ne. Allah ya ƙara basira ake cewa, ko da kuwa tun daga bisimilla kake gyangyaɗi. Wanda ya koya maka harafi ɗaya ba ka auna shi a kan sikeli kamar buhun masara. Don haka ni a wurina taurarin nan goro ne, tukuici ne. Kuma goron da ba saya kake ba, ka ba mutum uku ka riƙe biyu, ai wannan rowa ce ta kai intaha. Wurin rubutun kuwa na ɗauke shi wurin addu'a. Layi ɗaya na haddace, shi nake zubawa ko'ina: Allah ya saka wa malam da Aljanna.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma ni ban iya son abu ni kaɗai ba. Na sa mai cajin waya ya saka wa duk 'yan majalisa manhajar. Ba kallo suke ba, ni nake bi ina karɓar wayoyin ina dannawa. Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki kuwa, inda har yanzu nake shimfiɗa buhuna a rumfar wanzamai, duk wanda ya zauna aski sai na jiƙa masa kai, na ɗora aska, sannan in ce, kawo wayarka. Mutumin da aska ke kusa da maƙogwaronsa ba ya gardama. Manoma, Fulani, direbobi, 'yan acaɓa, har da wani ladani, duk sun ba malamina taurari biyar ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Wasu wanzaman rumfar ma suka ɗauki abin wasa suna taya ni.

Mutum ɗaya ne ya yi mini taurin kai, shi ne taubashina. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma bai taɓa barin ta kwana ba.

Na ce, “Kai bawa, miƙo wayar nan.”

Ya ce, “In ba shi tauraro a kan me? Ni ban kalli karatunsa ba.”

“Ni na kalla maka.”

“To ai shaidar zur ke nan, Dokta. Kai da ko sunanka sai ka huta sau biyu kafin ka gama rubutawa, kai ne za ka tantance likita?”

Majalisa ta kwashe da dariya. Na fizge wayar daga aljihunsa na danna biyar, na zuba masa addu'ata a ƙasa. Ya karɓi abarsa yana goge ta da bakin riga kamar na shafa mata kashin kaji. Ya ce, “Shi ke nan. Alhakin a wuyanka.” Wasa yake yi. Dukkanmu mun san wasa yake yi.

Gab da damina malamin ya saka darasin saran maciji. Ya ce da zarar ya sari mutum, a nemi igiya ko roba a ɗaure saman wurin tamau, yadda ko yatsa ba zai shiga ba, kuma kada a kuskura a kwance sai gaban likita, don kada dafi ya hau zuciya. Na ji kamar in yi guɗa. Abin da babana ke yi ke nan, abin da kakana ke yi ke nan, ga shi yau mai farar riga ya faɗa. Babu malamin da ya fi daɗi irin wanda ya gaya maka abin da ka riga ka sani. Wannan darasin na fi yi wa aiki. Har gidan suna sai da na bi da shi.

Bayan kamar sati uku, muna zaune da yamma, mai shayi yana latsa wayarsa, sai ya ce, “Dokta, wannan ba sunanka ba ne?” Sunan Auta ne, ga nawa a liƙe a bayansa. Tauraro ɗaya tal ta bayar. Ya karanta wa majalisa da ƙarfi, yana jan kowace kalma:

“Wannan kuskure ne mai haɗari. Ba a ɗaure saran maciji. Ɗaurin jini yake tsayarwa, ƙafa ta mutu. A kwantar da mutum, a tallafe ƙafar da katako kamar mai karaya don kada ta motsa, a hanzarta kai shi asibiti. Don Allah a gyara darasin nan.”

Sai wani dattijo ya ce, “Ikon Allah. Yaran yanzu, an ba su farar riga sun fi malamansu.” Wani ya ce, “Ai gado ne, baki a gidan.” Na ji kamar an tuɓe mini wando a tsakiyar kasuwa. 'Yar cikina, da sunana, a gaban duniya, tana gyara wa malami karatu.

Da ta zo ƙarshen wata ban bari ta sha ruwa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, na miƙa mata wayata na ce, mene ne wannan?

Ta ce, “Baba, gaskiya ce. Mun sha ganin su a asibiti, waɗanda aka ɗaure.”

“Ko gaskiya ce, a bainar jama'a ake gaya wa malami? Haka muka koya miki?”

Ta gyara zama, ta yi magana a hankali kamar tana lallashin marar lafiya. Ta ce, “Baba, taurarin nan ba addu'a ba ne. Masu manhajar suna can birni, darussan sun fi ƙarfin su bi ɗaya-ɗaya. Wanda taurarinsa suka yi ƙasa, shi suke ɗaukowa su duba. Wanda nasa suka cika, shi suke turawa sama, duk ɗalibin da ya nemi saran maciji shi zai fara gani. Mu ne idonsu. Idan kowa ya ce madalla, sun makance.”

Na fahimci abin da ta ce. Kada wani ya yi mini uzuri da jahilci, na fahimta sarai. Amma dariyar majalisa ta fi maganarta ƙara a kunnena.

Na ce, “Goge.”

“Baba, wani zai rasa ƙafarsa.”

“Na ce ki goge, in dai ni na haife ki.”

Uwarta tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Auta ta ciro wayarta, ta goge a gabana, hawaye na ɗiga a kan gilashin. Ta ce, “Na goge, Baba. Amma don girman Allah, in abin ya zo gabanka, kada ka ɗaure.” Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Washegari na shaida wa majalisa cewa gidana da sauran tarbiyya.

Abin ya zo gabana farkon kaka, lokacin yankan masara, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Gonar taubashina tana can ta wajen Doguwa, sai an haye wani rafi. Ya tara 'yan uwa aikin gayya, ni ma na bi, ba don aiki ba, don fura da surutu. Da hantsi ya sunkuya zai ɗaga wani tarin kara da aka yanke tun shekaranjiya. Sai muka ji ya ce wash, ya yi tsalle baya. Kububuwa ce, gajeruwa, mai zane a baya. Ta same shi a ƙafar hagu, sama da idon sawu kaɗan. Aka bi ta da sanduna aka kashe, sannan duk aka juyo ana kallona. Ai ga Dokta.

Wallahi muryar Auta ce ta fara zo mini. Kada ka ɗaure. Amma na ciro waya, na buɗe darasin, don na riga na ajiye shi a ciki. Ga taurari biyar cike fal. Na ja yatsa ƙasa, addu'a ce bayan addu'a, madalla bayan madalla, ba iyaka. Na ce a raina, duk wannan jama'a ba za su taru a kan ɓata ba, yarinya ɗaya ta fi su.

Ban tuna cewa jama'ar nan ni ne ba. Ni na shuka su da yatsana, na dawo ina fakewa a inuwarsu.

Na kwanto baƙar robar ɗaure kaya daga bayan babur, na naɗa masa ƙasa da gwiwa. Na taka ƙasa na ja da dukkan ƙarfina, na sake zagayawa na ja, har robar ta nutse cikin nama. Na gwada da yatsa, bai shiga ba. Kamar yadda malam ya ce.

Taubashina yana haɗa gumi, ya ce, “Dokta, kira Auta mana.”

Na ce, “Autar da ni na yi mata askin suna? Kwanta, bawa, kana hannun manya.”

Akwai sabis a gonar. Wannan ma in faɗa, don an sha cewa babu.

Rafin da muka haye da safe iya gwiwa, kafin mu dawo ya kawo iya ƙirji, ruwa ya sauka a kan duwatsu can sama. Muka jira ko zai ja baya, bai ja ba. Muka ɗora shi a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, muka zagaya ta doguwar hanya inda akwai gada, cikin taɓo, ana tafiya ana turawa. Yana ihu yana cewa ba saran ke masa ciwo ba, robar ce, a sassauta masa ko kaɗan. Na ce duk wanda ya taɓa robar nan shi ya kashe shi.

An yi azahar muka isa wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaci ɗaya muka tarar, magidanci mai natsuwa. Ya ce ba su da allurar dafin maciji, sai babban asibiti. Ya dubi ƙafar, ta kumbura ta yi shuɗi-shuɗi, ya ɗauko almakashi. Na riƙe masa hannu. Na nuna masa wayar.

Ya ce, “Na san darasin nan, Baba. Shi ne ke fara fitowa. Amma kamar a makaranta ba haka aka ce mana ba.”

Na ce, “Kamar? Da kamar za ka saki dafi a zuciyar mutum? Duba mutanen da suka shaida.”

Ya dubi taurarin, ya dubi furfurata, ya dubi taurarin. Ya ajiye almakashin. Ya ce, “To ku yi sauri.”

Ba a samu mota da wuri ba. Daga ƙarshe wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan masara ta tsaya, muka kwantar da shi a kai. Dasashinsa ya fara zubar da jini, ina goge masa da hulata. Muna cikin tafiya ya daina ihu, ya ce, “Dokta, ƙafar ta daina ciwo. Ba na ma jin ta.” Na ce alhamdu lillahi, ka gani ko, aiki ya fara kyau. Haka na ce. Har da murmushi.

Rana ta yi ja muka shiga babban asibiti. Likitar mace ce, ba ta fi Auta shekaru ba. Ta ɗaga zanen da muka rufa masa, ta tsaya.

“Wa ya ɗaure wannan?”

Ni da bakina ba ya rufuwa, na laɓe a bayan ƙanen taubashina.

“Tun yaushe?”

Ƙanen nasa ya ce, “Tun hantsi.”

Ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta fara ba da umarni. Aka yi masa allurar, aka ƙara masa jini, aka kwance robar. Inda ta zauna ya yi rami zagaye da ƙafar kamar an ɗaure bakin buhu. Kwana biyu jinin ya tsaya, dafin ya sake shi. Amma ƙafar ba ta dawo ba. Ta yi sanyi, ta yi baƙi daga yatsu tana hawa, a rana ta uku ta fara wari, har masu jinyar gadon kusa suna toshe hanci da mayafi.

Auta ta zo washegarin kai shi. Ta duba ƙafar, ta yi magana da likitar, sannan ta zo inda nake a baranda ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, “Baba, ina wuni. Ya mai jiki?” Shi ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

A rana ta biyar aka yanke, sama da gwiwa. Aka naɗe ta a farin yadi aka ce 'yan uwa su karɓa su binne. Na ce ni zan kai. Ban taɓa sanin ƙafar mutum na da nauyi haka ba. Ƙafar da ta sha harbina a wasan langa, ƙafar da ta taka kowace kunya ta gonar nan shekara hamsin. Muka haƙa rami a gefen maƙabarta muka saka ta. Mutumin yana can kwance da rai, ni ina nan ina tura ƙasa a kan wani yanki nasa.

Kafin a sallame shi na tare likitar a hanya. Na ce, ranki ya daɗe, da ba a ɗaure ba fa? Ta dube ni, ina jin ta gane ko wane ne. Ta ce, “Baba, rai na Allah ne. Amma a ganina da ƙafarsa zai koma gida.”

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda gari ya karɓe ni. Ba wanda ya zarge ni. Cewa ake, da ba don Dokta ya ɗaure da wuri ba, da dafin ya hau zuciya, da yanzu ana zaman makoki. Mata suna aiko mini da gaisuwa. Mai shayi ya ƙara mini madara. Ni kuwa na karɓa. Sati shida ina cewa, ai yin Allah ne, mu sababi ne kawai. Ina zuwa duba taubashina tare da jama'a, in tsaya daga bakin ƙofa, in fita tare da jama'a.

Wata safiya na buɗe darasin, ban san me nake nema ba. Yana nan a sama, taurarinsa cike. Sabon rubutu na farko wata ɗaliba ce, ta ce an tura ta aikin koyo wani ƙauye mai yawan macizai, ta gode wa malam, yanzu ta san abin yi. Na karanta sau uku. Na ga robar a hannunta.

Daga hantsi zuwa azahar na yi ina rubuta layi biyar. Na mayar da taurarina ɗaya. Na ce ni wanzami ne, na bi darasin nan na ɗaure ɗan uwana, an yanke masa ƙafa, likita ta ce ɗaurin ne. Na ce yawancin taurarin nan ni na danna su a wayoyin mutanen da ba su kalla ba. Na ce kada a ɗaure.

Kafin magariba an ba ni amsa. Wani ya ce, Baba ka ji tsoron Allah, naman malamai dafi ne. Wani ya ce hassada ga mai rabo taki. Wani ya ce ƙaddara ta riga fata, kada in ɗora wa bawan Allah. Sauran ba su ma kula ni ba, addu'arsu suka ci gaba da zubawa, wasu da layina sak, wanda na koya wa gari. Kwana biyu sai da na ja yatsa har ya gaji kafin na gano rubutuna a can ƙasa. Taurarin ko gezau.

Na kira Auta. Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Na ce, “Abin nan da kika goge, kina iya mayarwa?” Ta ce, “Zan mayar, Baba.” Ta mayar, ta kuma rubuta wa masu manhajar takarda. Suka amsa da ladabi, sun gode, za su duba, sai dai darasin yana cikin waɗanda jama'a suka fi yabawa.

Sai na koma bin wayoyi, ta inda na fara. A majalisa na faɗi komai da bakina, a tsaye. Aka yi ta kallon ƙasa. Mutum huɗu suka miƙo. Dattijon nan ya mayar da tasa aljihu ya ce, “An taɓa karɓe addu'a bayan an yi ta? Ni ba zan ci zarafin malami da tsufana ba.” Mai shayi ya ce in bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Tun ranar babu mai ce mini Dokta, kuma ba a koma kirana da wani abu ba.

Gidan taubashina na bari ƙarshe. Na je ni kaɗai da hantsi. Yana zaune a zaure kan tabarma, sandunansa jingine da bango, dungulmin a naɗe da tsumma. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na tsuguna, abin da ban taɓa yi masa ba. Na gaya masa abin da Auta ta rubuta, da yadda na sa ta goge, da abin da likita ta ce.

Ya ce, “Na sani. Ina da kunne ranar, ƙafa ce ba ni da ita.”

“Me ya hana ka magana?”

“Jira nake in ga ko ubangida ya iya durƙusa wa bawa.” Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ka san abin da ke tashina daga barci? Ƙaiƙayi. Tafin ƙafar ke mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa tabarma.”

Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon ƙofa, inda ake wucewa da shanun huɗa. Sannan ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wayarsa ya jefo mini a cinya.

“Cire huɗu. Bar masa ɗaya, ni ma ɗaya aka bar mini.”

Na cire. Na goge addu'ar da na rubuta da sunansa. Na ce, to maganar yafiya fa?

Ya ce, “Nawa ka danna?”

Na ce ban sani ba.

“To je ka kwaso su. Ranar da ka gama ka dawo mu yi maganar.”

Shi ya sa har yau, ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, nake shimfiɗa buhuna tun da sassafe, ko da mai aski ko babu. Ina duba fuskoki, ina ƙoƙarin tuna wanda na taɓa jiƙa wa kai. Yanzu ba na ɗora aska kafin in roƙa, sai na gama na goge masa, sannan in yi bayani tun daga farko. Wasu su bayar. Wasu su ce sun sayar da wayar, ko ta faɗa ruwa. Fulanin da yawa sun yi kudu da shanunsu da taurarina a aljihu.

Jiya na duba. Na biyar ɗin ya ɗan ragu daga gefe, kamar ɓera ya gutsura. Darasin yana nan a sama. Masara kuma ta fara bushewa a gonaki.